Wa Ke Da Iko Da Maɓallin Da Ke Gefen Waya?

Duk wanda ya taɓa sayen Galaxy S8, S9 ko S10 na hannu a Farm Centre ta Kano, ko a Computer Village ta Ikeja, ya san wannan takaicin. A gefen hagu na wayar, ƙasa kaɗan da maɓallin ƙara murya, akwai wani maɓalli na daban. Mutum zai kai hannu ya rage sautin bidiyo, yatsa ya zame, sai ga Bixby ya fito ya rufe sikirin. Bixby ba ya jin Hausa, kuma mai wayar bai kira shi ba. Sau da yawa ma datar da zai yi aiki da ita babu. Maɓallin dai yana nan daram a wuri mafi daɗin kai hannu a jikin wayar.

Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa babba ce. Idan mutum ya ƙirga kuɗinsa ya sayi na'ura, wa ya kamata ya yanke hukuncin aikin da maɓallinta zai yi, shi ko kamfanin da ya ƙera ta? Amsar da ta fi dacewa da hankali ita ce mai na'ura. Tarihin shekarun baya-bayan nan kuma ya nuna cewa duk lokacin da kamfani ya riƙe wannan iko a hannunsa, maɓallin yakan ƙare a matsayin kayan ado marar amfani.

Yadda Samsung ya sha da kyar

Samsung ya fito da Galaxy S8 a watan Afrilun 2017, da maɓalli na musamman domin Bixby, mataimakin murya na kamfanin. Tun kafin wayar ta gama shiga hannun jama'a, masu haɗa manhajoji sun gano hanyar karkatar da maɓallin ya buɗe Google Assistant, kyamara ko wata manhaja. Samsung ya fitar da sabuntawa ya toshe hanyar. Abin dariyar shi ne, a lokacin Bixby bai ma fara karɓar umarnin murya da Turancin Amurka ba, sai a watan Yulin wannan shekarar. Wato an kulle maɓalli saboda hidimar da ba ta gama nuna ba.

Ƙorafi ya yi yawa, sai kamfanin ya fara sassautawa kaɗan-kaɗan. Da farko ya bari a kashe abin da dannawa ɗaya ke buɗewa. A watan Fabrairun 2019, lokacin fitowar Galaxy S10, ya yarda a ɗora wata manhaja a kan maɓallin. Amma da sharuɗɗa: sai an shiga asusun Samsung an kunna Bixby tukuna, dole ɗaya daga cikin dannawa ɗaya ko dannawa biyu ta ci gaba da zama ta Bixby, sannan ba a yarda a zaɓi Google Assistant ba. A watan Agustan shekarar, Galaxy Note 10 ta fito babu maɓallin kwata-kwata. A Janairun 2025 kuwa, Galaxy S25 ta zo da saitin da idan aka danne maɓallin gefe, Gemini na Google ne ke amsawa.

Shekara takwas ke nan tsakanin toshe hanyar kiran mataimakin Google da mayar da na Google ɗin zaɓin farko. Wayoyin da aka ƙera a tsakani ba su ɓace ba. Suna cikin akwatunan gilashi na kasuwannin waya, ana sayar da su ga matasan da ba su san an taɓa wannan rigimar ba, sai dai su gaji sakamakonta.

Maɓalli ya fi manhaja tsawon rai

Ba Samsung kaɗai ba ne. A 2011, HTC ya fitar da wayoyi biyu, ChaCha da Salsa, masu ɗauke da maɓalli mai tambarin Facebook a gaba. A 2018, LG G7 ThinQ ta zo da maɓallin Google Assistant. A farkon 2019, Google ya sanar da cewa irin wannan maɓalli zai hau wayoyin LG, Nokia, Xiaomi, TCL da Vivo, yana sa ran sama da na'urori miliyan 100. Ƙananan wayoyin Nokia irin su 3.2 da 4.2, waɗanda suka yi kasuwa a wajen masu neman waya mai sauƙin kuɗi, sun zo da shi. A cikin saitin ana iya kashe shi, amma ba a ba da damar ɗora masa wani aiki ba. Yau LG ya bar sana'ar waya tun 2021, Google kuma ya sanar a 2025 cewa Gemini zai maye gurbin Assistant a wayoyi.

A rimot ɗin talabijin abin ya fi fitowa fili. Maɓallin Netflix ya fara hawa rimot a 2011, wasu kamfanoni suka bi sahu, domin fili ne na talla da ake biya. Wasu rimot na Roku sun zo da maɓallin Rdio, wata hidimar sauraron waƙa da ta durƙushe a ƙarshen 2015. Rimot ɗin yana aiki lafiya lau, maɓallin kuwa ba ya kai mutum ko'ina.

Darasin ɗaya ne. Roba da ƙarfe suna shekara biyar, bakwai, har goma, musamman a ƙasashen da waya ke wucewa daga hannun wa zuwa ƙane, daga ƙane zuwa ɗan 'yar'uwa. Manhajar da aka ɗaure wa maɓalli kuwa tana iya canza suna, ko canza fasali, ko mutuwa cikin shekara biyu. Duk wanda ya ɗaure abu mai daɗewa da abu mai saurin gushewa, ya shirya wa mai saye asara tun daga masana'anta.

Copilot ya shigo kibod

Masu kwamfuta ma abin ya iso gare su. A ranar 4 ga Janairun 2024, Microsoft ya sanar da maɓallin Copilot, ya ce shi ne babban canji na farko a kibod ɗin Windows cikin kusan shekara 30, tun bayan maɓallin Windows da ya bayyana a 1994. Sai dai kibod ɗin laftop ba shi da fili na banza. Kafin sabon maɓalli ya samu wurin zama, sai wani ya tashi. A yawancin laftop, wanda aka kora shi ne Ctrl na dama ko maɓallin menu.

Wanda bai saba da su ba zai ce me aka rasa. Amma mai rubutu da hannu biyu yana amfani da Ctrl na dama kullum. Mai hannu ɗaya, ko wanda hannunsa na hagu ya samu rauni, da shi yake haɗa umarni. Makafi masu amfani da manhajar karanta sikirin sun dogara da kibod kacokan, maɓallin menu kuma shi ne madadin danna linzamin kwamfuta ta dama. Ɗaliban kwamfuta masu amfani da VirtualBox sun san cewa Ctrl na dama shi ne maɓallin fita daga kwamfutar gwaji zuwa ta ainihi.

Akwai kuma wani abu a cikin yadda aka gina maɓallin. Idan aka danna shi, ba sigina ɗaya yake aikawa ba. Yana aika uku a tare: Shift na hagu, maɓallin Windows, da F23. Wannan F23 gado ne daga manyan kibod na IBM masu maɓalli 122 na shekarun 1980, waɗanda suke da jerin F har 24. Tun da kusan babu kibod na zamani mai F23, sai aka ari lambarsa. Matsalar ita ce, duk manhajar da ke son mayar da maɓallin ya zama Ctrl dole ta kama sigina uku, ta soke su, ta ƙirƙiro na huɗu, ta kuma riƙe shi muddin yatsa na kan maɓallin. Shi ya sa dabarar takan yi aiki a wani wuri ta ƙi a wani.

Zuwa ƙarshen 2024, Microsoft ya saka zaɓi a cikin saitin Windows 11 na canza abin da maɓallin ke buɗewa. A wancan lokacin zaɓin bai wuce akwatin bincike ko manhajojin da aka kunsa da tsarin MSIX masu sa hannu ba. Hanyar da Samsung ya bi ce sak: a kulle, a ji ƙorafi, a buɗe rabin ƙofa. Kuma kamfanin da ya yi wannan shi ne ya yi ritaya ga Cortana, mataimakinsa na baya, a 2023. Da a ce Microsoft ya yi wa Cortana irin wannan maɓalli a 2015, da miliyoyin laftop suna yawo da shi yau babu aikin fari bare na baƙi.

Inda dabarar canza maɓalli ke tsayawa

Da yawa za su ce ai abin mai sauƙi ne, a sauke manhaja a canza. Gaskiya ne a wani lokaci. Amma yana da kyau a fahimci tafiyar da dannawa ɗaya ke yi, domin a nan iyakar take.

Idan yatsa ya taɓa maɓalli, wani ɗan ƙaramin guntu a cikin na'urar ne ke fara ji. Shi ne ke fassara taɓawar zuwa lamba, ya miƙa wa babbar manhaja, wato Android, Windows ko iOS. Ita kuma babbar manhaja ta duba ko lambar tata ce ta riƙe, ko ta wuce da ita ga manhajar da ke buɗe. Hawa uku ke nan. Manhajar canza maɓalli tana zaune ne a hawa na uku, ko a tsakanin na biyu da na uku. Abin da bai iso gare ta ba, ba za ta iya taɓa shi ba.

Misali mafi sauƙi shi ne Fn na laftop. A yawancin kwamfutoci, Windows ba ya ma sanin an danna shi. Guntun kibod ne ke haɗa Fn da wani maɓalli a can ƙasa, ya aiko da sakamakon kawai. Shi ya sa PowerToys, manhajar kyauta ta Microsoft da ke da sashen canza maɓallai, ta faɗa a fili cewa galibi ba ta iya canza Fn. Masu ThinkPad, inda aka daɗe ana ajiye Fn a kusurwar da sauran kwamfutoci ke ajiye Ctrl, suna iya musanya su biyun ne kawai saboda Lenovo ya saka zaɓin a cikin BIOS. Da bai saka ba, shi ke nan.

A hawa na biyu, Windows ya riƙe wasu haɗe-haɗe don kansa, irin su Ctrl da Alt da Delete, ko maɓallin Windows da L na kulle kwamfuta. PowerToys kuma sai tana gudana a bayan fage canjin ke aiki, don haka a shafin saka kalmar sirri babu shi. SharpKeys tana rubuta canjin ne a cikin rajistar Windows, saboda haka yana zama daram bayan an sake kunna kwamfuta, amma maɓalli ɗaya take musanyawa da ɗaya, ba ta iya kama haɗin maɓallai uku irin na Copilot.

A Android, manhajoji irin su Button Mapper da Key Mapper suna iya ɗora ayyuka a kan maɓallan murya: dannawa biyu ta kunna tocila, dogon dannawa ya ɗauki hoton sikirin. Amma maɓallin kunna waya ya fi ƙarfinsu, domin Android na kama shi tun kafin ya iso. Idan sikirin a kashe yake, yawancin dabarun ba sa aiki sai an haɗa wayar da kwamfuta an ba da izini na musamman, ko an fasa tsaron wayar. Sannan wayoyi da yawa suna da tsarin tattalin batir da ke kashe manhajojin bayan fage. Mutum zai saita komai da daddare, da safe ya tarar maɓallin ya koma halinsa na da. Zanin aro dai ba ya rufe katara.

Farashin da ba a gani

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne dalilin da ya sa batun ya wuce na jin daɗi. Kusan duk manhajar canza maɓalli a Android tana neman izinin Accessibility, wanda aka tanada domin taimaka wa masu buƙata ta musamman. Izini ne mai ƙarfin gaske. Gwargwadon abin da manhajar ta nema, yana iya ba ta damar ganin abin da ke kan sikirin, sanin manhajar da aka buɗe, har da danna abubuwa a madadin mai waya. Wannan izinin ne ɓarayin intanet suka fi so, kuma manhajojin satar kuɗin banki da yawa ta nan suke shiga. Shi ya sa daga Android 13, wanda ya fito a 2022, Google ya ƙara shinge ga manhajojin da aka sauke daga wajen kantin manhaja idan suka nemi wannan izini.

Wannan ba zargi ba ne ga sanannun manhajojin da ke Play Store. Amma a duba halin da ake ciki. Matashi yana da manhajar banki a waya, da ita yake karɓar kuɗin ciniki, da ita yake tura wa gida. Maɓalli ya dame shi, ya shiga neman mafita. Wanda ya dace zai faɗa hannun manhaja ta gari. Wanda bai dace ba zai sauke wani fayil da aka turo a zauren WhatsApp da sunan cewa shi ne na kuɗi da aka fasa ya zama kyauta, ya ba shi izinin ganin komai. Wani kuma zai kai wayar a fasa mata tsaro gaba ɗaya, daga baya ya tarar wasu manhajojin banki sun ƙi buɗewa. A wayoyin Samsung, fasa tsaron yana kunna alamar Knox wadda ba ta gogewa ko an mayar da komai yadda yake. An gudu ba a tsira ba.

Duk wannan kasada saboda layi ɗaya ne da kamfani ya ƙi sakawa a cikin saiti. Kamfanin da ya kulle maɓalli bai hana mutane canza shi ba. Ya dai tura su ta ƙofar baya, inda babu mai gadi.

Hujjojin kamfanoni

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin ba duk hujjojinsu ne na banza ba.

Ta farko ita ce tsaro. Akwai maɓallan da bai kamata kowace manhaja ta iya taɓawa ba. Maɓallin kunna waya shi ne mafita ta ƙarshe idan waya ta sandare. Tun daga Android 12, danna shi sau biyar a jere yana iya kiran lambar gaggawa. Ctrl da Alt da Delete an keɓe su ne domin kada wata muguwar manhaja ta kwaikwayi shafin shiga ta saci kalmar sirri. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma daidai ne a bar waɗannan a kulle. Sai dai ba ta shafi maɓallin Bixby, Copilot ko Netflix ba. Babu ran da zai salwanta idan maɓallin mataimakin murya ya koma kunna tocila.

Ta biyu ita ce sauƙi. Yawancin masu waya ba sa shiga saiti, kuma zaɓi mai yawa yana rikita mutane. Wannan ma gaskiya ne. Amma maganinsa shi ne kamfani ya zaɓi aikin farko da maɓallin zai zo da shi, ya bar ƙofa a buɗe ga mai son canzawa. Wanda bai damu ba ba zai ma san zaɓin yana nan ba.

Ta uku ita ce kuɗi. Ana cewa irin waɗannan yarjejeniyoyi na taimakawa wajen rage farashin na'ura. Idan haka ne, sai a faɗa wa mai saye a jikin kwali cewa wannan maɓallin talla ne, kuma ba ya canzuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar tana ga wanda aka sayar wa rariya da sunan kwano.

Hujja ta huɗu ba a cika faɗin ta a fili ba, amma ita ce ta gaskiya. Maɓalli na zahiri shi ne hanya mafi gajarta zuwa ga ɗabi'ar mutum. Abin da yatsa ya saba dannawa, shi ake amfani da shi. A gasar ƙirƙirarriyar basira da ake yi yanzu, kowane kamfani yana son nasa mataimakin ya zama na farko da hannu zai kai gare shi. Shi ya sa salon ya dawo da ƙarfi: a Maris ɗin 2025, Nothing Phone (3a) ta fito da Essential Key, wanda aka ɗaure da wata manhajar ajiye bayanai ta kamfanin, ba tare da zaɓin canza shi a saiti ba lokacin fitowarta.

Waɗanda suka yi daidai, da inda su ma suka tsaya

Ba sabon ilimi ake nema ba. BlackBerry Curve 8520 ta 2009, wadda ta yi tashe a Najeriya zamanin BBM, tana da maɓallai biyu a gefe da mai waya ke ɗora wa manhajar da ya ga dama. Chromebook, tun samfurin gwaji na Cr-48 a 2010, ya cire Caps Lock ya saka maɓallin bincike, amma ya bar zaɓin mayar da shi a saiti. Kwamfutocin Mac suna bari a mayar da Caps Lock ya zama Control ko Escape ba tare da sauke komai ba.

Apple ya kawo Action Button a iPhone 15 Pro a Satumbar 2023, ya faɗaɗa shi ga duk jerin iPhone 16 a shekarar da ta biyo. Ana iya sa shi ya kunna tocila, ya buɗe kyamara, ya fara naɗar murya, ko ya gudanar da jerin umarni ta manhajar Shortcuts. Wannan ya fi kusa da abin da ake so. Amma shi ma yana da iyaka: dogon dannawa kaɗai ke tayar da aikinsa, babu dannawa biyu ko uku. Kuma ya zo ne a madadin ɗan makunnin shiru da iPhone ke da shi tun 2007. Wancan makunnin yana da wata baiwa da maɓalli ba shi da ita, domin yatsa na iya sanin matsayinsa daga cikin aljihu. Mai shiga masallaci, aji ko ɗakin taro yana iya tabbatar da wayarsa ta yi shiru ba tare da ya ciro ta ba. OnePlus ma ya fara sauya makunninsa mai hawa uku da maɓalli a wasu wayoyin 2025, kuma masoyansa da yawa sun yi kukan rashin.

Wannan yana nuna cewa ko maɓallin da aka sakar wa mara ba maganin komai ba ne. Maɓalli ɗaya ne, hanyoyin danna shi ba su da yawa. Idan aka cika masa ayyuka, mai shi ma zai manta wanne ne wanne. Amfaninsa na gaskiya yana ga aiki guda da ake buƙata cikin gaggawa, ba tare da kallon sikirin ba.

Aiki guda ɗin kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma a nan ne hujjar ta kammala. Injiniyan da ke Suwon ko Redmond ba zai iya sanin cewa a unguwar da wuta ke ɗaukewa da magariba, tocila ce ta fi kowane mataimakin murya daraja ba. Mai POS zai so maɓallin ya buɗe manhajar karɓar kuɗi. Ɗan jarida zai so naɗar murya. Ɗaliba za ta so kyamara don ɗaukar rubutun allo kafin malami ya goge.

Masu rubutun Hausa sun fi kowa sanin darajar kibod mai sauraron mai shi. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, babu su a jikin kibod ɗin da ake shigowa da su, ko QWERTY na Ingila da Amurka ne, ko AZERTY na Faransa. Abin da ya ceci rubutun shi ne ana iya canza tsarin a manhaja. Windows yana da tsarin kibod na Hausa mai fitar da su ta hanyar haɗa Alt na dama da harafin, akwai Keyman, Gboard kuma ya daɗe da saka Hausa a waya. Da a ce kowane maɓalli an kulle shi a kan abin da aka buga a jikinsa, da har yau ana rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya. Mutanen da ba a tuna da su a lokacin ƙira su ne suka fi buƙatar 'yancin canzawa bayan saye.

Abin da ya kamata ya zama ƙa'ida

Buƙatar ba ta da yawa. Duk maɓallin da ba na tsaro ba, a bar mai na'ura ya ɗora masa kowace manhaja, har da ta kamfanin hamayya, daga cikin saiti. A ba da damar kashe shi gaba ɗaya ba tare da an tilasta buɗe asusu ba. A kibod, sabon maɓalli ya aika sigina guda tasa ta kansa, kuma a iya mayar da shi maɓallin da ya kora. Idan kamfani zai rufe hidimar da maɓalli ke kira, sabuntawa ta ƙarshe ta saki maɓallin ga mai shi.

Kafin kamfanoni su kai nan, mai saye yana da nasa ƙarfin. Wanda zai sayi waya mai ƙarin maɓalli ya karɓe ta a shago, ya shiga saiti, ya nemi sashen maɓallai, ya ga abin da aka yarda ya canza. Wanda zai sayi laftop ya kalli layin ƙasa na kibod, ya tabbatar Ctrl da Alt na dama suna nan idan yana buƙatarsu. Wanda ya riga ya saya ya fara da abin da wayar ta zo da shi: yawancin wayoyin Android suna buɗe kyamara da danna maɓallin kunnawa sau biyu, Samsung na bari a canza wannan zuwa wata manhaja, iPhone yana da Back Tap tun iOS 14, wayoyin Pixel kuma suna da Quick Tap, duka biyun na ƙwanƙwasa bayan waya ne. Idan dole sai an sauke manhaja, a tsaya ga Play Store, a karanta izinin da take nema, a kuma yi tunani sau biyu idan a wayar ne manhajar banki take.

Samsung ya ɗauki kusan shekara biyu kafin ya sassauta, Microsoft bai kai shekara ɗaya ba. Abin da ya rage tazarar shi ne surutun masu saye da masu sharhin na'urori. Wayoyi masu maɓallin ƙirƙirarriyar basira suna ƙaruwa, kuma nan da 'yan shekaru za su cika teburan 'yan kasuwar waya na hannu. Tambayar da ta kamata a fara yi wa mai shago, tare da ta lafiyar batir da girman ma'ajiya, ita ce ko wannan maɓallin na gefe yana canzuwa.